Ruwa a Soket: Me Ke Kashe Motocinmu da Damina?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina a watan Agusta ya san abin da ake gani da zarar an ɗauke ruwa. Daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kankiya, ko daga Kankiya a miƙe Caranci, da wuya a rasa mota a gefen titi an ɗaga bonet, fasinjoji sun yi cirko-cirko, direba ya sunkuya yana taɓa wannan waya yana girgiza waccan. Mota ta baro tasha lafiya lau, ta ratsa ɗan ruwan da ya kwanta a kan kwalta, sai ta fara misin, ta yi tari, ta mutu. In ka tambaya amsar ɗaya ce: ruwa ya shiga waya. Wani lokaci a jira rabin awa zafin inji ya busar da wurin, a murza makulli ta tashi kamar ba ita ba. Wani lokaci kuwa sai an ɗauko mai wayarin daga cikin gari a kan babur.

Direba bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba. Kankiya da Kusada suna yankin da damina ba ta cika wuce wata 4 ba, ruwan shekara guda bai kai milimita 1,000 ba. Motar da ta mutu a gefen titi kuwa, in Golf ce, an ƙera ta ne don Jamus, inda ake ruwa a kowane wata, ga ƙanƙara da sanyi. Ta shekara goma ko fiye a can tana tashi kowace safiya. Me ya sa sai da ta zo ƙasar da rana ta fi ruwa yawa sannan ruwa ya zame mata abin tsoro? A ganina ruwan sama ba ya fasa soket. Yana tarar da ita a buɗe ne. Masu buɗe ta su ne tsufa, da zafin bazara, da ƙurar hunturu, sannan wanda ya fi su duka ɓarna, hannun mutum.

Akwai dalilin da ya sa dattawan kanikawa ke ganin an cika zuzuta lamarin. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da 504, wayoyin cikin inji a ƙirge suke: ta koyil, ta distiributa, na filogi, ta caja, ta kik. Mai kuwa kafireta ce ke auna shi, ba ruwanta da wuta. In ruwa ya taɓa, a buɗe hular distiributa a goge da tsumma, a ci gaba da tafiya. Wutar da ke bin waɗannan wayoyi mai ƙarfi ce, 'yar tsatsa ba ta tare ta. A wannan makaranta aka koyi yawancin dabarun da har yau ake yi a garejinmu, kuma a kan 504 sun yi amfani.

Motocin da ke jigila yanzu tsakanin Kankiya, Kusada, Ingawa, Dutsinma da Katsina na wani zamani ne. Daga 1993 dokar hayaƙi ta Turai ta tilasta wa sababbin motocin fetur abin tace hayaƙi a salansa, kuma wannan abu ba ya aiki sai an auna mai daidai wa daida. Nan kafireta ta kau, nozul da birenbos, wato kwamfutar mota, suka gaje ta. Golf 3 da aka fara a 1991, Sharan da 406 da suka fito a 1995, da Corolla da Civic da suka biyo baya, duk birenbos ke tafiyar da su. Shi kuwa birenbos makaho ne, bai san abin da inji ke ciki ba sai abin da sensa ta faɗa masa ta waya. Batir na ba da bolt 12, amma yawancin sensa da bolt 5 suke aiki, ita kuwa ta salansa mai auna iskar hayaƙi, saƙonta tsakanin bolt 0.1 ne da 0.9. Wutar da ba ta kai bolt ɗaya ba, ɗan kore-koren da ido ma bai cika gani ba ya isa ya sauya ma'anarta.

A ɗauki sensar zafin ruwan inji. An yi ta ne yadda in inji na da sanyi takan tare wuta sosai, in ya yi zafi ta sake ta. To tsatsa a bakin soket ita ma tare wuta take yi. Sai birenbos ya ɗauka inji bai yi zafi ba, ya dinga ƙara mai, alhali mota ta taho tun daga Bici. Ba za ta mutu ba, ba lalle ma fitilar gargaɗi ta kama ba. Baƙin hayaƙi dai, filogi na yin baƙi, tanki na saurin ƙarewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban haya da zai ce wannan ƙaramar asara ce. Da yawa sukan canza filogi, su wanke nozul, har su sayi sabuwar sensa, su jona ta a tsohuwar soket mai tsatsa, su koma gidan jiya.

Ita soket ɗin kanta ta cancanci a dube ta da kyau, don mutane da yawa suna taɓa ta kullum ba su san abin da ke cikinta ba. Gida ne na roba mai tauri. A ciki akwai 'yan haƙora na jan ƙarfe ko tagulla, an shafe su da kuza, shafe wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. A inda saƙo ya fi rauni wasu kamfanoni har zinariya suke shafawa. A bakin soket akwai zoben roba mai laushi da ke toshe tsakaninta da abokiyarta. Ta baya, kowace waya na da ɗan tulluƙin robarta da ya rungume ta, ramin da ba waya a ciki ma an toshe shi. Sai ɗan harshen da ke cewa ƙas in an danna, wanda shi ke matse zoben. Masana'antu na da ma'aunin wannan kariya. Abin da aka rubuta wa IP67, ƙura ba ta shiga, kuma ana iya nutsa shi a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 ya fito a bushe. Akwai wanda ya fi shi, IP69K, da Jamusawa suka fito da shi don abubuwan da ake wankewa da ruwan zafi mai matsi. Soket da yawa na cikin inji an gina su ne a kan irin wannan matsayi. Sai dai gwajin a kan sabuwa ake yin sa, mai zobe, wadda harshenta ya kama. Da zarar ɗaya daga cikin ukun nan ya tafi, lambar ta zama tarihi.

Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar wuta sosai. Abin da ya narke a cikinsa ne ke ɗauka: gishirin ƙasa, ƙurar da ta taru, omo, tururin ruwan batir. In irin wannan ruwa ya kwanta tsakanin haƙori mai wuta da maƙwabcinsa, wutar kan bi ta cikinsa tana zaizayar ƙarfen, ta bar wannan koren gari da masu wayarin suka sani. Wasu haƙoran suna da wuta ko an zare makulli, saboda haka mota na ajiye a gida cikin dare ana cin su. Ga kuma numfashi. Inji mai aiki yana kusan digiri 90, iskar da ke cikin soket ta kumbura. Ruwan sanyi ya watsu a kanta, iskar ta tsuke farat ɗaya, ta zuƙo abin da ke bakin ƙofa. In zoben na da rai ba abin da zai shiga. In ya bushe, ɗigon ya shige, kuma fitarsa ta fi shigarsa wuya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tafiyar ruwa a cikin waya. Wayar mota ba sanda ɗaya ba ce, siraran zare ne da yawa aka murɗe. Yadda lagwani ke jan kananzir daga gindin fitila zuwa sama, haka tsakanin zaren nan ke jan ruwa. A huda waya a kusa da lagireto, bayan watanni a tarar da laima a soket ɗin birenbos, nesa da inda aka huda. Ba ruwa kaɗai ba. Masu gyaran Marsandi sun san wata giya mai sarrafa kanta, samfurin 722.6, wadda in zoben soket ɗinta ya gaji, man giya kan bi waya ya hau har cikin kwamfutar giyar. Wannan ne ya sa in aka fere waya aka ga zarenta ya yi baƙi ko kore, datse ɗan baki ba ya wadatarwa, sai an bi ta baya har inda jan ƙarfen ke sheƙi.

Wani ɓangare na matsalar gadonsa muka yi. Motocin da muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano sun sha hunturun Turai da Kanada, inda ake watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara. Wannan gishiri yana maƙale a lungunan wayarin, yana jiran laima. Kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya ta shigo da irinsu ba adadi, kuma su ne har yau a tashoshinmu. Akwai kuma waɗanda ambaliya ta nutsar. Guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017 sun jiƙa motoci masu ɗimbin yawa a Amurka. Kamfanonin inshora kan biya masu su, a yi gwanjonsu, kuma Afirka ta Yamma na cikin kasuwannin da irin wannan gwanjo ke ƙarewa. Motar da ta sha ruwan teku za ta iya yin kyau a ido, ta yi wata shida ba ƙorafi, sannan ta fara cuta iri-iri da ba mai gane kansu. Mai saye ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshen taɓo, ya buɗe akwatin fiyus. Minti goma ne.

Wasu motocin ma da lahaninsu suka baro masana'anta. Marsandi na farkon shekarun 1990, har da wasu daga cikin waɗanda ake kira Bi-but, an yi musu wayarin inji da wata roba da ke marmashewa in ta sha zafi. Passat da aka fara a 1996 ta yi suna wajen toshewar magudanar da ke ƙarƙashin batir, ruwa ya taru ya gangara cikin mota ya jiƙa na'urar da ke ƙarƙashin kafet. Golf 3 kuwa koyil ɗinta kan tsage, ta yi lafiya da rani, da an yi yayyafi ta fara shaƙewa. Ana gane wannan da dare: a tayar da inji, a ɗan fesa ruwa sama-sama daga nesa, sai a ga tartsatsin wuta na tsalle daga tsagar. A kiyaye hannu dai, don wutar koyil takan haura bolt 20,000.

Sai rabon ƙasarmu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet a cikin cunkoson ranar kasuwa. Zoben roba ya bushe ya ƙanƙance, harshen soket ya yi ƙaro, taɓawa ɗaya ya karye. Baƙin man da ke tsiyaya daga murfin inji ya jiƙa wata robar ta kumbura ta saki. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi ta shige duk inda ta sami kafa. Hanyoyin burji na ƙauyukan Kusada da Kankiya suna da nasu aikin: girgiza na sa haƙoran soket gogar juna kaɗan-kaɗan, kuzar ta dinga goguwa tana zama baƙin gari mai tare wuta, ko babu ɗigon ruwa. Da kaka, motar da ke ɗaukar gero da wake tana kiran ɓera, ɓera kuwa na son gaigayar waya. Duk wannan da rani yake faruwa, mota kuma tana tafiya, ba wanda ya sani. Ruwan farko na watan Yuni ne ke tona asiri.

Yanzu ga hannu. Mai wayarin na neman wuta a waya, sai ya soka mata allura ko tsinin fitilar gwaji. Ya samu, ya zare, ya wuce. Ramin na nan. An cire abin da ke daidaita zafin inji an yi wa fanka dairek, an datse waya biyu an murɗe. An ƙara hon, an ƙara fitila, an sa na'urar bibiyar mota saboda ɓarayi, yanzu kuma ga masu mayar da mota mai amfani da gas, waɗanda aikinsu sai sun shiga wayoyin nozul. Kowane ɗaya mahaɗa ce sabuwa, kuma akasari murɗawa ake yi a naɗe da salatef. Salatef a cikin inji ba ya daɗewa: zafi ya narkar da gam ɗinsa, bakin ya saki, ya zama aljihun da ke tara ruwa a daidai inda jan ƙarfe ke tsirara. Harshen soket ya karye, a ɗaure da tsinken roba ko a bar ta haka. Zoben ya faɗo ƙasa lokacin da ake zarewa, yaron gareji ya dube shi bai san na mene ne ba, ya share shi da shara. Farantin roba da ke ƙarƙashin inji, wanda ke tare ruwan da taya ke watsowa, a ce yana hana inji shan iska ko yana wahalar da mai juyen baƙin mai, a jefar. In kuwa inji aka sauke aka sa na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, sau da yawa da yankakken wayarinsa yake zuwa, a zauna a haɗa wayoyi barkatai ɗaya bayan ɗaya, duk da salatef.

Ba na so a ɗauka mai wayarin ne kaɗai mai laifi. Mutumin da ke aiki a bakin tasha a Kankiya, Katsina na da nisan kimanin kilomita 60 daga gare shi, Kano ta fi 100. Ba shi da shagon da zai shiga ya sayi zoben soket ko sabon haƙori. Ga direba a kansa, fasinjoji na ƙorafi, ana ce masa, "Oga, yi mani dabara kawai in kai Katsina, gobe na dawo a yi mai kyau." Ya yi dabarar, a ba shi abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Goben ba ta zuwa. Dabarar ta shekara uku a cikin inji, ranar da ta gaza kuma a ce ruwa ne. Wanda ya ƙi biyan kuɗin aikin awa biyu ba shi da bakin zagin aikin minti biyar.

Wankin inji kuwa na fi jin haushinsa, don shi kuɗi ake biya a jawo wa kai. Mota ta shigo da zafinta, a ɗaga bonet, a watsa fetur ko kananzir, a bi da ruwan omo, sannan a kafa bakin injin feshi a kan koyil da akwatin fiyus da caja. An haɗa duk abin da soket ke gudu a lokaci guda: zafi da sanyi masu sa ta zuƙa, matsi mai tura ruwa ta bayan zobe, sabulu mai ɗaukar wuta, da man da ke cin roba. Ruwan sama bai taɓa zuwa da ƙarfin injin feshi ba. A motocin da kowane filogi ke da koyil ɗinsa, ruwan kan cika ramin filogi, mota ta bar wurin wanki tana rawa. Dillalai na son inji mai ƙyalli, na gane. Mai hawa kuwa ba abin da ƙyallin zai ƙara masa. In mai ya tsiyaya ana son gano daga ina, a bar inji ya huce, a rufe caja da akwatin fiyus da birenbos, a yi aiki da buroshi da tsumma da ruwa kaɗan, a cire abin da aka rufe da shi nan take.

Wannan ya kawo mu ga magungunan da ake yi. Leda ita ce ta farko: a naɗe soket ko birenbos a ɗaure. Na awa ɗaya ba laifi. In ta zauna, laimar da ke cikin iska kan taru a cikinta duk dare ta rasa hanyar fita, sai a wayi gari abin da aka rufe ya fi na waje jiƙa. Giris na baƙin ƙarfe, irin na boris, daga man fetur aka yi shi, yana kumbura wasu robobin, wani ma akwai garin da ke ɗaukar wuta a cikinsa. Man birki da wasu ke ɗigawa, shi da kansa jan ruwa yake daga iska. Gam ɗin gasket mai warin tsami yana fitar da sinadarin da ke cin jan ƙarfe yayin da yake bushewa, kuma ranar da aka so zare soket ɗin sai an fasa ta. WD-40 ya fi su hujja. A 1953 aka haɗa shi a San Diego ta Amurka don kare jikin makamin roka na Atlas daga tsatsa, kuma korar ruwa shi ne aikinsa. A gefen hanya, in hular distiributa ta jiƙe, zai iya kai ka gida. Amma siriri ne, yana bushewa, abin da ya bari kuma ƙura na manne masa. Agajin gaggawa ne, ba rigar damina ba.

Abin da aka yi domin wannan aiki shi ne man silikon na soket, wani farin mai mai kauri da ba ya narkewa da zafin inji, ba ya cin yawancin robobin mota. A kansa ma akwai saɓani. Wasu na cewa tunda ba ya ɗaukar wuta, shafa shi a haƙori toshe hanya ne. Wasu na cewa haƙori mai ƙarfi yana ture shi a daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya bar shi kewaye yana tare iska da ruwa. Na biyun sun fi gaskiya, da sharaɗi: sai haƙorin na da sauran matsi. In ya saki, man zai ƙara dagula shi, amma wannan haƙori dama na canzawa ne. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi, a shafa kaɗan a kan zobe da bakin soket da cikin hular filogi, kada a cika ramin har ya hana soket rufuwa. Wuri ɗaya ne ba a kai shi ko kusa: soket ɗin sensar salansa. Da yawa daga cikin irin wannan sensa ta cikin wayarta take shaƙar iskar da take gwada hayaƙi da ita, shi ya sa masu ƙera ta ke hana sa mata mai ko feshi, suke hana yi wa wayarta soda. Silikon kuma guba ne gare ta.

Gyaran kirki ba shi da wani sirri, haƙuri yake so. A kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi. A danna harshen soket da yatsa, ba a ɓamɓare shi da sukundireba ba, kuma a ja gidan, ba wayar ba. In akwai laima a busa iska. Wanda zai ari iskar mai faci ya fara fesa ta a tafin hannu, don da damina tankin kan tara ruwa. A wanke haƙora da feshin wanke kayan lantarki wanda ke bushewa bai bar komai ba. Kada a sa sanfefa ko reza: kuzar ce kariyar, in aka kankare ta za a ga ƙyalli yau, tsatsa ta dawo ninki cikin makonni. Haƙorin da ya ci ya ci, sai a nemo bakin soket mai lafiya da guntun wayarsa daga tsohon wayarin, wanda ba ya wuya a wurin masu kayan gwanjo. A haɗa da ƙarfen matsewa ko da soda, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, irin mai gam a ciki. Mai yin soda ya nisanci ruwan asid irin na masu gyaran lagireto, don zai ci gaba da cin wayar daga ciki. A mayar da waya kan maƙalanta, a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, yadda ɗigon da ya biyo ta zai zube kafin ya kai baki. Mai neman wuta kuma ya bi ta bayan soket da siririn tsinke a gefen roba, ko in dole ta sa ya huda, ya toshe ramin kafin ya rufe bonet.

Abu biyu ake mantawa. Na farko magudanar da ke gindin gilashin gaba. Muna son ajiye mota a inuwar bedi, ganye da fure da 'ya'yansa kuwa can suke taruwa, su haɗu da ƙura su toshe ramin. A motoci da yawa birenbos ko akwatin fiyus na nan kusa. A zuba ruwa kofi biyu a gani ko zai fita ta ƙasa. Na biyu kan batir da wayar da ta ɗaure shi da ƙarfen jikin mota. In wannan ta yi tsatsa, kowace sensa sai ta yi ƙarya, a yi ta canza kaya a banza. Farin garin da ke taruwa a kan batir, jiƙon kanwa na kashe kaifinsa, muddin ba a bari ya shiga cikin batirin ba, aka kuma ɗauraye aka busar. A ɗaure tam, sannan a shafa basilin a sama. Masu babur ma abin ya shafe su: hular filogi da ta tsage da soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki su ne ke tsayar da Boxer a tsakiyar ruwa.

Akwai iyakar abin da duk wannan zai yi. Yankinmu ba shi da yawan ruwa, amma in ya zo yakan zo a fusace, kamar yadda aka gani a Jibiya a watan Yulin 2018. Ba zoben da aka yi don a tsunduma mota a ƙorama. In ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, magana ta bar wayarin ta koma kan injin kansa, don fistin ba ya iya matse ruwa, sai dai sandarsa ta lanƙwashe. Motar da ta mutu a cikin ruwa mai zurfi ba a yi mata ki, turo ta ake yi.

Lokacin wannan aiki Afrilu ne da Mayu, kafin ruwa ya sauka, ba Agusta ba da mota ta riga ta kwanta. Kayan da ake buƙata, man silikon, robar tsukewa, feshin wanki da 'yan zobba, ba su kai kuɗin koyil ɗaya ba, matsalar dai ba a kawo su kusa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW suna da rassa da shugabanni a ƙananan hukumomi. In suka sa masu shagon kayan mota a Kankiya su riƙa ajiye waɗannan kaya, suka kuma nemi malaman kwalejin fasaha ta Ingawa ko na Ƙauyen Sana'o'in Matasa da ke Katsina su zo su yi wa yaran gareji bita ta yini ɗaya kafin damina, an rage motocin da ke kwana a hanya. Kai kuma mai mota, ranar da aka ce maka "Alhaji, birenbos ne," kada ka sa hannu a aljihu tukuna. Ka ce a zare soket ɗinsa a gabanka, a haska fitila, ka duba launin haƙoran da idonka.